Mai Taimakon Matan da Aka Ci Zarafinsu, Ita Ma An Taɓa Cin Nata: Me Ke Kan Ofishinta?

Dole ne ta sanar da ofis abin da ya same ta?

A'a, sirrinta ne. Shi ya sa ya kamata tallafin ya game dukkan ma'aikata, don kada wata ta sai ta tona cikinta kafin ta samu. Idan ta faɗa wa shugabarta, a tambaye ta wa ta yarda ya sani, kuma kada a rubuta a fayil ɗinta na aiki.

Ina aka fi yin kuskure?

Wasu ofisoshin sukan janye ta daga ƙararraki masu nauyi ba tare da shawararta ba, sai ta ji an ɗauke ta mai rauni. Wasu kuma su jibga mata duka, wai "ai ke kin san zafin abin". Mafi muni shi ne a riƙa tsayar da ita gaban masu ba da tallafi tana maimaita labarinta don a samu kuɗi. Wannan fama tsohon miki ne, ko da ta amsa da baki, domin ƙin buƙatar mai biyan albashi yana da wuya.

Wane tsari ne ke aiki?

Zama a kai a kai da ƙwararriyar mai ba da shawara wadda ba ita ke auna aikinta ba. Tazara bayan hira mai nauyi kafin a shigo da ta gaba. Damar miƙa wa abokiyar aiki ƙarar da ta yi kama da tata ba tare da dogon bayani ba. Wayar aiki daban, wadda ake kashewa bayan an tashi. Idan barci ya ƙaurace mata, ko tana firgita da ƙarar waya, a rage mata aiki tun da wuri.

In har yanzu mutumin da ya ci zarafinta yana bibiyarta fa?

Da izininta, a nuna wa maigadi hotonsa, a hana bayar da lambarta ko lokacin tashinta. Wata ƙungiya daban ta riƙe ƙararta, ba abokan aikinta ba. Dokar Najeriya ta hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 ta tanadi umarnin kariya daga kotu.

Akwai madogara kan hutu?

Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 2019, wadda Najeriya ta amince da ita a 2022, ta nemi a rage illar cin zarafin cikin gida a wurin aiki. New Zealand tana ba ma'aikatan da aka ci zarafinsu a gida hutun kwana 10 da albashi tun 2019. Kowace ƙungiya tana iya sa irinsa a ƙa'idojinta, don zuwa kotu, asibiti ko sauya gida.