Me ya sa ake rububin karatun lauya a Kongo?

Duk shekara idan JAMB ta saki sakamako, za ka ga yaro ya ci maki mai kyau amma ya ƙi sauya zaɓinsa: shi dai lauya, kuma a Zariya. Ga wasu tambayoyin da iyaye da ɗalibai suka fi yi kan wannan buri.

Wai mece ce Kongon nan?

Harabar Jami'ar Ahmadu Bello ce da ke cikin Zariya, daban da babbar harabar Samaru. A nan Tsangayar Shari'a take. An kafa jami'ar a 1962, kuma ta gwamnatin tarayya ce.

Me ya sa shiga ke da wuya haka?

Domin gurbi ƙidayayye ne. Hukumar kula da ilimin lauyoyi ta ƙasa ce ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma jami'ar da ta wuce gona da iri tana iya fuskantar hukunci. Masu nema kuwa sun ninka gurbin sau da yawa. Ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da adabin Turanci, sai maki mai tsoka cikin 400 na JAMB, sai kuma tantancewar jami'ar kanta. Bayan haka akwai tsarin rabon gurbi na jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta zalla, kashi 35 jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Shi ya sa yara biyu masu maki ɗaya, wani ya samu, wani ya rasa.

Ba arha ce kawai ke jan mutane ba?

Arha tana ciki, ba a musu. Jami'o'in kuɗi da dama miliyoyin naira suke karɓa a shekara kan karatun lauya, abin da ɗan malamin firamare ko ɗan mai tireda ba zai ko tunkara ba. Tun 2024 ma ɗaliban makarantun gwamnati suna iya neman bashin karatu na NELFUND.

Amma a ganina babban abin da ake samu shi ne abokan zama. Ajin da aka tace kafin a shiga, na kusa da kai ba rago ba ne. Ɗan Gombe, 'yar Binuwai, ɗan Ilori, duk a benci guda, ana musu kan hukuncin kotu har a wajen mai shayi. Waɗannan mutanen su ne gobe za ka tarar a kotu, wani alƙali, wani lauyan gwamnati, wani abokin hamayyarka. Aikin lauya aiki ne na sanayya. Wanda ya gabace ka shi ke buɗe maka ƙofar ofishinsa ka koyi aiki. Kongo kuwa ta daɗe tana yaye manya: Mai shari'a Mahmud Mohammed da Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, waɗanda dukansu suka riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Nijeriya, a Zariya suka yi digirinsu. Haka ma Mai shari'a Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Akwai abin da ake koyarwa a can da ya bambanta?

Akwai. Ɗalibi yana iya haɗa dokar da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya. A Arewa, inda rikicin gado da aure da filaye ke yawo tsakanin kotun shari'a da babbar kotu, lauyan da ya san fiƙihun Malikiyya ya kuma san kundin tsarin mulki ba ya rasa aiki. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato su ma suna da irin wannan tsari, ga wanda Zariya ta gagara.

To yajin aiki fa?

Nan ne gizo ke saƙar. Karatun shekara biyar ne a takarda, amma a 2022 kaɗai ASUU ta yi wata takwas tana yaji, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda kuka gama sakandare tare, ya tafi jami'ar kuɗi, yana iya riga ka sa baƙar riga. Ga cunkoson aji da wahalar samun ɗaki. Wanda zai zaɓi Kongo ya shiga da saninsa.

Da an gama digirin an zama lauya ke nan?

A'a, da sauran rina a kaba. Sai an wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, mai hedikwata a Bwari da rassa irin na Bagauda da Yola, a yi kusan shekara guda, a ci jarrabawa, sannan a rantsar da mutum. A can ɗan Kongo da ɗan jami'ar kuɗi takarda ɗaya ake miƙa musu.