Daga farin 1973 zuwa ambaliyar 2020: wa aka ɗora wa laifi, me bincike ya gano?

A watan Satumban 2020 na tsaya a bakin fadama kusa da Argungu ina kallon kawuna yana yankan shinkafa daga cikin kwalekwale. Ruwa ya shanye gonar kakaf. Sai ya zura hannu har kafaɗa, ya lalubo abin da ya fara nuna, ya yanko da lauje ya jefa cikin jirgi. Rahotannin lokacin sun ce ambaliyar ta lalata shinkafa kimanin hekta 450,000 a Kebbi, shekara biyar kacal bayan ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi.

Wannan kawun nawa shi ne ya sha ba mu labarin farin 1973, sa'ad da yake saurayi: shanu suna zubewa a hanyar mashaya, baƙi daga Nijar sun cika ƙofar gari, mata suna tonon gidan tururuwa neman hatsi. Ya ga rashin ruwa ya tsiyata mutane, ya kuma ga yawansa ya yi haka nan. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, bayanin masana kan ruwan ƙasarmu ya juya baki ɗaya.

Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, shi ya sa har suna muke raɗa wa yunwa, irin su Kakalaba ta 1914. Abin da ya zo da Turawa shi ne cewa hamada tana tafiya, kuma mu ne muke janyo ta. Wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya zaga arewacin Najeriya a 1934, ya koma ya rubuta a 1935 cewa Sahara tana kwararowa kudu saboda sassabe da kiwo. Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa a 1936 zuwa 1937, ya bi kan iyaka ya duba, ya ce bai ga wata hamada mai tafiya ba. Amma maganar ta riga ta shiga kunne. Damina mai albarka ta shekarun 1950 ce kawai ta sa aka ɗan manta da ita.

Da fari ya kama daga 1968 zuwa 1973, sai tsohon zance ya dawo da rigar kimiyya. A 1975 Jule Charney, babban masanin yanayi a Amurka, ya ce idan dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta yi fari fat, takan mayar da hasken rana sama, iska ta daina tashi, hadari ya ƙi haɗuwa. Lissafin yana da ma'ana a takarda. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada a Nairobi a 1977 ya tafi a kan wannan fahimta, kuma daga nan ta gangaro har ajinmu na firamare, inda malam ya ce mana itacen girkin iyayenmu mata ne ya kori ruwa. Na koma gida ranar ina harare-hararen murhun innata, Allah Ya yafe mini.

Sai 1984 ta zo, ta fi 1973 muni. Ruwan yankin Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da shekarun 1950, tun daga Senegal har Sudan, lokaci guda. Wace irin akuya ce za ta yi wannan aiki a faɗin nahiya?

A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a hukumar yanayi ta Birtaniya suka nuna cewa shekarun farinmu sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka ƙara ɗumi idan aka kwatanta da na arewa. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na 1980 zuwa 1990, ya ga iyakar hamada tana matsowa kudu a shekarar fari, ta koma arewa idan ruwa ya samu. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba kwamfuta zafin tekuna na shekara da shekaru, ba tare da sun saka mata saran itace ko kiwo ba, sai ga farin Sahel ya fito.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Ruwan da ke sauka a Jega ko Kamba iskar damina ce ke ɗauko shi daga Tekun Atlantika, kuma layin hadarin yakan karkata ne wajen ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan arewacin tekun ya yi sanyi, hadari ya tsaya kudu, mu sai dai mu ga walƙiya daga nesa. Cikin abubuwan da suka sanyaya shi akwai hayaƙin farar wuta daga masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana. Da suka tsaftace iskarsu don lafiyar kansu, ruwa ya fara dawo mana a shekarun 1990. Masana suna ja-in-ja har yau kan kason hayaƙin da kason juyin da teku ke yi da kansa, amma ba a ƙara cewa makiyayi ne ya haddasa farin.

Ruwan da ya dawo kuwa ba shi ne wanda ya tafi ba. Kawu ya faɗa mini haka tun kafin in karanta a ko'ina: "Kai ɗana, ruwan da can baƙo ne mai kunya, ya kwana yana mamako ƙasa ta sha. Na yanzu mai bin bashi ne." A 2017 Christopher Taylor da tawagarsa suka wallafa a mujallar Nature cewa manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma sun danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Bayan ambaliyar 2022 da ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, masanan World Weather Attribution, ƙungiyar da ke auna hannun sauyin yanayi a irin waɗannan bala'o'i, suka ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80.

Kada mai gawayi ya ji haka ya ce an wanke shi. Masu auna koguna sun lura tun lokacin fari cewa ruwan sama yana raguwa amma wanda ke gangarowa cikin wasu kogunan Sahel yana ƙaruwa, domin gonar da aka tsiraita takan zama faƙo, ruwa ya bi ta kanta da gudu ya tarar da mai shinkafa a fadama. Amfanin gawo da kalgo da sabara ke nan: su riƙe ruwan da ya sauka. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gane wannan tun shekarun 1980, suka riƙa barin tohon kututture yana girma a gona, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo. Mu kuma an zo Bachaka da ke Kebbi a 2014 an ƙaddamar da shingen itatuwan tare hamada da biki. Ni dai na fi yarda da itacen da mai gona ya bari da hannunsa.

Kawu ya rage shinkafar damina tun daga waccan shekara. Ya haƙa 'yar rijiyar burtsatse a fadama ya koma noman rani, inda shi ke sakin ruwa shi ke tsayar da shi. Da na kira shi a waya kwanan baya ban ji ya ambaci hadari ba ko sau ɗaya, kukansa duk a kan kuɗin man injin ban ruwa ne.