Waiwaye: Yadda Iyakar Falsafa Ta Riƙa Sauyawa Kafin Ta Iso Damagaram

A Damagaram, yawancin matasa suna fara karatun falsafa ne a ajujuwan ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, lokacin da suke shirin jarrabawar kammalawa ta bakaloreya, kuma da Faransanci suke karanta ta, har ɗalibai sun gajarta sunanta suna ce mata "filo". Iyaye da dama suna ɗari-ɗari da darasin, saboda sun ji ana cewa yana koya wa yaro jayayya a kan abin da bai kamata a yi jayayya a kansa ba. Wannan zargi yana da tarihinsa, kuma ba za a gane shi ba, balle a gane abin da falsafa take nufi, sai an bi sawun yadda faɗinta ya riƙa ƙaruwa yana raguwa a hannun al'ummomin da suka riƙe ta.

A wurin Girkawa na dā, falsafa ita ce neman sanin asalin abubuwa da dalilansu ta hanyar hankali da hujja. Sokratis, wanda mutanen Atina suka yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya shahara da tambayar manyan gari mene ne adalci, mene ne jarumtaka, har ya bayyana cewa ba su da amsar da za ta tsaya. Almajirinsa Aflatun ya kafa makaranta, shi kuwa Aristotal, almajirin Aflatun, ya yi rubutu a kan manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin kafa hujja) da halittar dabbobi da tafiyar taurari da ruhi da ɗabi'a da mulki da waƙa. A zamaninsu kusan duk ilimin da ake samu da tunani da lura yana cikin falsafa.

Da wannan faɗi ta shiga hannun Musulmi. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, musamman a mulkin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833), an fassara littattafan Girkawa da yawa zuwa Larabci, kuma daga nan aka samu Alkindi, sai Alfarabi wanda ya rasu a 950 kuma ake yi wa laƙabi da malami na biyu bayan Aristotal, sai Ibn Sina wanda ya rasu a 1037. Babban littafin Ibn Sina, Asshifa, ya kasu zuwa manɗiƙi da ilimin halittu da lissafi da ilimin ilahiyyat, wanda ke magana a kan samuwa da Mahalicci. Malaman wannan zamani suna raba falsafa gida biyu, ta nazari da ta aiki, kuma ta aikin ta ƙunshi gyaran halin mutum da tafiyar da gida da tafiyar da gari.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi ne mutumin da aka fi kafa hujja da shi idan ana son a ce falsafa kafirci ce, kuma ya kamata a faɗi abin da ya yi daki-daki, domin an saba taƙaita shi taƙaitawar da ta wuce kima. A littafinsa Tahafutul Falasifa ya ɗauki mas'aloli 20 ya yi raddi a kansu. Uku daga ciki ya hukunta da kafirci: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san abubuwa ɗaiɗaiku ba sai a dunƙule, da musun tashin jikkuna ranar alƙiyama. Sauran ya ɗauke su bidi'a. Amma bai haɗa lissafi da manɗiƙi a cikin hukuncin ba. Ya ma yi gargaɗi cewa masoyin addini jahili, wanda yake musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare Musulunci, ɓarna yake yi wa addinin, domin wanda ya san hujjar lissafin zai yi zaton an gina addini a kan jahilci ne. Shi da kansa ya rubuta littattafai a kan manɗiƙi, ya kuma sanya shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhu. Bayan shekaru masu yawa, Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, alƙalin Malikiyya da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani, yana cewa Shari'a da kanta ta umarci masu iko da su yi nazarin halitta. Abin da ya faru bayan wannan muhawara shi ne, sunan falsafa ya yi nauyi a bakin malamai, kayan aikinta kuwa suka shige cikin ilimin tauhidi da usulu suka zauna.

Ta wannan ƙofa ta iso ƙasashenmu, tun kafin a san Bature. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili, mutumin Tilimsan da ya ratsa Ayar ya zauna Kano da Katsina, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan manɗiƙi, Suyuɗi yana haramtawa, Magili yana karewa. Abdurrahman Ahalari, wanda kusan kowane almajirin zaure ya karanta ƙaramin littafinsa na tsarki da salla, shi ne kuma ya wallafa Sullam, waƙen koyar da manɗiƙi, inda ya kawo saɓanin malamai ya rinjayar da halascin karanta shi ga mai cikakkiyar basira wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ummul Barahin ta Imam Sanusi, wanda ya rasu a 1490, ta fara ne da raba hukuncin hankali zuwa wajibi da mustahili da ja'izi, sannan ta kafa hujja a kan siffofin Allah. Almajirin da ya zauna gaban malami a unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram yana karanta wannan rabe-rabe, da kayan da Alfarabi da Ibn Sina suka gyara yake aiki, ko da bai taɓa jin sunayensu ba. A Daular Sakkwato ma an yi Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen uwa, wanda ya rasu a 1864, ya kuma bar rubuce-rubuce a kan asalin samuwa da halin ruhi.

A Turai abin ya bi wata hanya. Har zuwa 1687, lokacin da Isaac Newton ya fitar da babban littafinsa a kan dokokin motsi, abin da yake yi falsafar halittu ake ce masa. Daga baya fannoni suka riƙa warewa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ƴaƴa suke fita daga gandu idan kowa ya samu gonarsa: kimiyyar lissafin motsi da ta haɗa sinadarai suka fita, ilimin halayyar ɗan Adam ya samu ɗakin gwajinsa na farko a birnin Laifzig na Jamus a 1879, ilimin zamantakewa ya biyo baya. Abin da ya rage a hannun falsafa shi ne tambayoyin da awo da gwaji ba sa yankewa. Akwai binciken samuwa da haƙiƙanin abubuwa, akwai binciken sani da iyakarsa da abin da ya raba shi da zato, akwai manɗiƙi, akwai ilimin ɗabi'a da na siyasa, sannan kowane fannin da ya ware ya bar tambaya a baya, shi ya sa ake da falsafar kimiyya da ta shari'a da ta harshe. Kant, wanda ya rasu a 1804, ya tattara su a tambayoyi huɗu: me zan iya sani, me ya kamata in aikata, me ya halatta in sa rai da shi, kuma mene ne mutum.

Wannan falsafa da aka rage wa faɗi ita ce Faransawa suka kawo. Sun shiga Damagaram a 1899, sun riƙe ta a matsayin babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926 da suka koma Yamai, kuma tsarin karatunsu, wanda tun ƙarni na 19 yake kammala sakandare da shekarar falsafa, shi Nijar ta ci gaba da shi bayan 1960. Shi ya sa yaron Damagaram yake rubuta jarrabawar falsafa, takwaransa na Kano ko Daura kuwa yake gama sakandare bai yi ta ba. A ganina wannan gado ne mai amfani, domin yana tilasta wa matashi ya kafa hujja ya kuma saurari hujjar da ta saɓa wa tasa. Illarsa ita ce mafi yawan sunayen da ɗalibi yake haddacewa na Turawa ne, sai ya fita da zaton cewa tunani mai zurfi baƙo ne a garinsu.

Masanan Afirka sun daɗe suna muhawara a kan wannan. A 1945 wani limamin Kirista ɗan Beljiyam, Placide Tempels, ya wallafa littafi yana cewa al'ummomin Bantu suna da falsafarsu a cikin al'adu da imaninsu. A shekarun 1970 Paulin Hountondji na Benin ya soki wannan hanya, yana cewa abin da jama'a suka gada suka yarda da shi baki ɗaya bai zama falsafa ba sai wani ya ɗauke shi ya bincika, ya sa sunansa, ya bari a yi masa raddi. Ina ganin yana da gaskiya a kan sharaɗin bincike. Karin maganarmu da kalmomi irin su mutunci da kunya da amana da haƙuri cike suke da tunani, amma aikin falsafa yana farawa ne lokacin da aka tambayi abin da mutum zai yi idan kunya ta hana shi faɗin gaskiya a gaban surukinsa, ko kuma a ina haƙuri yake ƙarewa ya koma yarda da zalunci.

Sharaɗin rubutu da suna da raddi kuwa malamanmu sun cika shi tun ƙarnoni da suka wuce. A Cibiyar Binciken Ilimin Ɗan Adam ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya aza harsashin tattara su, kuma akwai wasu a gidajen malamai nan Damagaram. Masu digirin falsafa da Faransanci aka horar da su, kaɗan ne daga cikinsu suke iya karanta waɗannan takardu, su kuwa masu iya karanta su tauhidi da manɗiƙi suke kiran abin da ke ciki, kuma da wuya a gayyace su ajin ƙarshe na lise.