Moɗa ɗaya, hannu goma: ga ta inda kwalara ke shigo mana gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Damina ta kama, kogin Mayo Kaliao ya fara kawo ruwa, toh ni dai duk shekara in naga haka gabana faɗuwa yake, don mu masu aikin lafiya a unguwannin Marwa mun san abinda ke biyo baya. Wanda ya ga 2010 bai manta ba, amai da gudawa ta kwashe ɗaruruwan mutane a nan Arewa Mai Nisa, wani da safe lafiyarsa ƙalau kafin isha an kai shi makwanci. Ga ambaliyar 2024 da ta cinye Yagoua da kewaye, masai da rijiya suka zama abu ɗaya.

Abinda nake so mu gane, ƙwayar kwalara bata tashi sama kamar tsuntsu, kuma ba jifa bane ba sammu bane. A bayan gida take fita, ta baki take shiga, shikenan hanyarta. Mutum zai iya ɗauke da ita bai ji komai ba yana yawonsa yana cin kasuwarsa, amma tana fita a kashinsa har kwana goma, wanda ya haɗiye ta kuma daga awa 12 zuwa kwana 5 zata nuna kanta.

Kwanaki na shiga wani gida zagaye, na samu wata baiwar Allah ta gama wanke wa jaririnta kashi, ta ɗauraye hannu da ruwan buta kawai babu sabulu, ta goge a zani, ta juya ta ɗauki moɗa ta tsoma cikin randa ta ɗebo min ruwa wai in sha baƙuwa ce ni. Allah sarki, karamci ne tayi min. Na karɓa na ajiye nace Inna zo mu zauna, wannan moɗar hannu nawa ke taɓa ta a yini? Ta fara lissafi, maigida, kishiya, yara bakwai, almajirin da ke musu aike, har ta tsaya tana dariya. Ruwan daga foraj, wato rijiyar burtsatse, aka sayo shi mai kyau, a cikin gida ya lalace. Shi yasa muke ta nacin a zuba ruwan sha a bido mai ƙaramin baki da murfi, a riƙa tsiyayowa, in kuma randar ce dole to moɗa mai dogon hannu a rataye ta, kar a kife a ƙasa inda kaji ke bi. Ruwan rijiya ko na mayo a tafasa, ko a sa ƙwayar Aquatabs ta tsabtace ruwa a jira minti 30 kafin a sha. Javel, wato ruwan bilic, ma yana yi amma dan Allah kar a zuba da ka, ƙarfinsa ba ɗaya bane, ku zo mu auna muku.

Sai kwanon wanke hannu na wajen suna da biki, mutum ashirin su tsoma a ruwa ɗaya, na ƙarshe wlh gara ma bai wanke ba. A zuba da buta, da sabulu, in babu sabulu toka tana taimakawa.

In gudawa ta kama mutum tana zuba kamar ruwan shinkafa, kar a tsaya jiƙa saiwa ko aika yaro kanti sayen kafso. Rashin ruwa a jiki ne ke kisa. A kaɗa SRO, garin gishiri da sukari na ƙunshi mai maido ruwan jiki, a lita ɗaya na ruwa mai tsabta, in babu shi sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi, ana ba shi yana kurɓa ana kan mashin zuwa lopital, ko yana amai a ɗan dakata a ci gaba. Mai shayarwa kar ta cire yaro daga nono.

Yanzu inda ake yawan jin haushinmu. Kun kawo mara lafiya mun ware shi ɗaki daban, mun sa safar hannu da takalmin roba, mun ce mai jinya ɗaya kawai, a ƙofa an fesa muku ruwan javel a ƙafa, sai a fita ana cewa ma'aikatan nan wulaƙanci gare su suna ƙyamar talaka. Haba Alhaji. Ni da na taɓa wannan in je in taɓa wancan, in ban wanke hannu tsakani ba ai nice zan zama moɗar. Gadon da muke kwantar da su ma mai rami ne a tsakiya da bokiti a ƙasa, don kashin ya tafi wuri ɗaya mu zuba masa javel mai ƙarfi kafin a zubar. In Allah ya karɓi rai kuwa, gawar mai kwalara tana nan da cutar, shi yasa muke roƙon liman da dattijan gida a bari mu shiga cikin wankan da kayan kariya, masu wanka kaɗan, kuma wanda yayi wanka kar ya sa hannu a abincin zaman makoki. Sallah da sutura duk za'a yi yadda addini ya ce, babu mai hanawa.

Ba duka cuta ce ke bin ruwa ba, kyanda da tarin fuka ta iska suke bi, sanƙarau kuma lokacin zafi da ƙura yake tashi a ɗakin da aka cunkushe. Waɗannan maganarsu daban ce, sai wani jiƙon, amma dai ku duba karnen allurar rigakafin yaranku, wanda ya cika wata 9 bai samu allurar kyanda ba a kawo shi, kyauta ce.

Satin nan muna zagaye gida gida da sabulu da SRO. Maigida in zaka fita kasuwa ka bar mana izini wajen uwargida, kar mu zo muyi ta sallama a zaure ace baka nan.