Dokar gwajin injin feshi ta Turai: wa ta shafa, kuma ina ruwan manominmu da ita

Wata magana tana yawo tsakanin masu noman riɗi, zoɓo da wake da kuma dillalan da ke saye domin fitarwa waje, cewa Turawa sun kafa doka wadda ta hana sayen amfanin gonar duk wanda ba a gwada famfon feshinsa aka manna masa shaida ba. Wasu kuma suna cewa an soke dokar baki ɗaya. Duka maganganun biyu ba daidai ba ne.

Dokar da ake nufi ita ce umarnin Tarayyar Turai mai lamba 128 na shekarar 2009, wanda ya tsara yadda za a yi amfani da magungunan ƙwari da na ciyawa ba tare da cutar da mutane da muhalli ba. Sashe na 8 ya wajabta wa ƙasashen Tarayyar su tabbatar ana duba injinan feshin da ake sana'a da su lokaci bayan lokaci. An ba su zuwa ƙarshen shekarar 2016 su gama zagayen farko, tazarar da ke tsakanin gwaji da gwaji ba za ta wuce shekara 5 ba har zuwa 2020, daga nan kuma ta koma shekara 3. Sabon inji yana da shekara 5 daga ranar saye kafin a kai shi gwajin farko. Waɗanda abin ya shafa su ne manoma da 'yan kwangilar feshi da ke aiki a cikin ƙasashen Tarayyar.

Abin da masu jita-jitar ba su karanta ba yana cikin wannan sashen. Dokar ta ba kowace ƙasa damar cire famfon hannu da famfon da ake goyawa a baya daga gwajin dole, muddin an koya wa masu amfani da su yadda ake riƙe su, an kuma sanar da su haɗarinsu da buƙatar sauya kayan da suka gaji. Ke nan irin famfon nan mai cin lita 16 ko 20 da yawancin manomanmu ke goyawa, ko a Turan ba lallai ne a kai shi tashar gwaji ba, balle a ce dokar ta tsallako teku ta kama manomi a Jigawa ko Maraɗi. A ganina wannan rangwame yana da ma'ana ta fuskar aiki, domin babu hukumar da za ta iya bin miliyoyin ƙananan famfuna, sai dai ya bar giɓi a inda haɗarin ya fi kusa da jikin mutum, tunda mai goyo shi ne maganin ke zuba a gadon bayansa idan murfin tanki yana yoyo.

Gwajin kansa aikin awo ne, kuma ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 16122 shi ya fayyace matakansa. Ana cika tankin da ruwa zalla, a buɗe hannayen injin da tarakta ke ja, a duba ko tiyo yana yoyo, ko matata ta toshe, ko agogon matsi yana faɗin gaskiya idan aka gwada shi da wani agogon da aka tantance. Sai a tura wata na'ura mai kwararo-kwararo, faɗin kowane kwararo santimita 10, a ƙarƙashin bakunan feshi, ruwan da ya sauka a kowane kwararo ya taru a auna shi. Idan wani wuri ya sha ruwa da yawa wani ya samu kaɗan har bambancin ya haura kashi 10 cikin 100, injin ya faɗi. Haka kuma idan aka kashe feshi, bayan daƙiƙa 5 bakunan suka ci gaba da ɗiga.  Jamus da Beljiyam sun fara gwajin dole tun cikin shekarun 1990.

Batun hukunci shi ne inda aka fi yin ƙari. Umarnin bai yanka tara ko ta yuro ɗaya ba. Sashe na 17 ya bar wa kowace ƙasa ta tsara nata hukuncin, da sharaɗin ya yi tasiri, ya yi daidai da girman laifin, ya kuma hana a sake. Saboda haka duk wanda ya zo maka da adadi guda ya ce shi ne tarar Turai, bai karanta dokar ba. Abin da ke rubuce ƙarara shi ne cewa injin da bai ci gwaji ba, ba a yarda a yi sana'a da shi ba. Babu inda aka ambaci ƙwace kaya a tashar jiragen ruwa saboda famfo.

Maganar sokewa kuwa ta samo asali ne daga wani daftari dabam da aka gabatar a 2022, mai neman rage amfani da magungunan da rabi kafin 2030. Majalisar Turai ta ƙi shi a Nuwamban 2023, aka kuma sanar da janye shi a Fabrairun 2024 lokacin zanga-zangar manoma. Umarnin 2009 yana nan daram.

Abin da ya shafe mu kai tsaye wata doka ce, mai lamba 396 ta 2005, wadda ta ƙayyade ragowar magani a jikin abinci, kuma ba ruwanta da ƙasar da kaya suka fito. A 2015 Tarayyar ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda an samu sinadarin dichlorvos, wani maganin ƙwari, fiye da iyakar miligiram 0.01 a kowane kilo, matsalar da ta fi alaƙa da zuba magani a wurin ajiya domin korar ƙwari. Akwai kuma tsarin 'yan kasuwa na GLOBALG.A.P., wanda manyan kantunan Turai ke nema daga masu kai musu kaya, kuma yana buƙatar a tabbatar da awon injin feshi duk shekara. Wannan sharaɗin mai saye ne, ba dokar gwamnati ba ce, kodayake ga ƙaramin manomin da zai biya kuɗin tantancewa bambancin bai cika rage masa nauyi ba.

Mai famfon goyo ba ya buƙatar na'urar Turai kafin ya san halin da famfonsa yake ciki. Ya zuba ruwa zalla, ya fesa cikin kofin awo na tsawon minti ɗaya da irin bugun da ya saba, ya kwatanta da abin da sabon baki ke fitarwa. Idan tsohon bakin ya zarce sosai, raminsa ya buɗe ke nan, galibi saboda sokawa da allura ko waya lokacin da ya toshe, kuma sauya shi bai kai kuɗin kwalbar magani ɗaya ba.