Ma'anar "Abincin Ƙoda" a Bakin Likitoci

Idan aka tabbatar wa mutum cewa ƙodarsa ta samu rauni, cikin maganganun da zai ji kafin ya bar asibiti akwai cewa daga yau sai ya koma kan "abincin ƙoda". 'Yan uwan majinyaci da dama sukan ɗauka wata takarda ce guda ɗaya mai jerin abubuwan da aka haramta wa duk mai wannan ciwo, har ma su karɓo ta wani su riƙa aiki da ita. Abin da kalmar take nufi shi ne tsarin ci da sha da ake auna wa kowane majinyaci gwargwadon ƙarfin da ya rage wa ƙodarsa, domin kada ya ɗora mata kayan da ba za ta iya fitarwa ba.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta zubar da datti da rarar ruwa da gishiri ta hanyar fitsari. Likitoci sun kasa ciwon ƙoda mai daɗewa zuwa matakai 5, kuma da gwajin jini da na fitsari ake gane matakin da mutum yake. Wanda yake mataki na 2 zai iya cin kusan komai idan ya rage gishiri, amma wanda ya kai mataki na 5, inda ake maganar wankin ƙoda, wato tace jini da inji, sai an lissafa masa har ruwan da zai sha a yini. Wannan ne ya sa abin da aka hana wani ba lallai ne a hana wani ba.

Gishiri ne abu na farko, kuma shi ne ya shafi kowa. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada ya wuce giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da wanda yake ɓoye cikin abinci. A nan ne uwargida takan yi kuskure da kyakkyawar niyya: sai ta ajiye gishiri gefe, ta marmasa dunƙulen magi huɗu ko biyar a tukunyar miya don ɗanɗano ya fito, alhali kaso mai yawa na dunƙulen nan gishiri ne. Haka yajin tsire, da kilishi, da kifin gwangwani, da ɗan ƙullin kayan ɗanɗano da ke cikin ledar indomi. Kanwa ma tana cikin wannan sahu, domin sinadarin da ya fi yawa a cikinta shi ne sodiyam, wanda shi ne ake gudu a cikin gishiri, don haka kunun kanwa da waken da aka dafa da ita suna buƙatar lura. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ya kumbura ƙafafu da fuska, ya kuma ƙara hawan jini, wanda shi da ciwon suga su ne manyan masu lalata ƙoda. Albasa da tafarnuwa da citta da ruwan lemon tsami suna taimakawa wajen gyara miyar da aka rage wa gishiri.

Na biyu, wanda a ganina ya fi yaudarar mutane, shi ne sinadarin fotasiyam. Yana cikin abubuwan da muka taso muna jin cewa su ne lafiya: ayaba, lemon zaƙi, dabino, tumatir, alayyahu, zogale, doya, dankalin turawa da na Hausa, da ruwan kwakwa. Mai dubiya zai shigo da leda cike da ayaba da lemo, yana ganin ya kawo alheri, bai san cewa ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da rarar wannan sinadari ba. A jinin mai lafiya yakan tsaya tsakanin 3.5 da 5.0 a ma'aunin gwajin jini, idan kuwa ya haura 6 yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya, sau da yawa ba tare da wata alama da ta gabata ba. Wasu magungunan hawan jini da ake ba masu ciwon ƙoda, irin su lisinopril da losartan, su ma suna ƙara shi a jini. Akwai kuma gishirin da ake tallatawa a matsayin na masu hawan jini, wanda aka maye gurbin wani ɓangare na sodiyam ɗinsa da fotasiyam. Wannan haɗari ne ga mai raunin ƙoda. Duk da haka, ba a hana mutum 'ya'yan itace sai gwaji ya nuna sinadarin ya hau, kuma ko a lokacin akwai masu ɗan sauƙi, kamar tuffa da abarba da kabeji da kokwamba. Doya da dankali kuwa ana iya rage musu shi: a fere, a yanka ƙanana, a dafa cikin ruwa mai yawa, sannan a tsiyaye ruwan a zubar, kada a yi romo da shi.

Na uku shi ne sinadarin fosforas, wanda yake yin nasa aikin a hankali. Idan ya taru yana raunana ƙashi, ya sa ƙaiƙayin jiki, ya kuma taurara jijiyoyin jini. Ana samunsa a madara da nono da wake da gyaɗa, amma wanda jiki ya fi zuƙa shi ne wanda kamfanoni suke ƙarawa a baƙin lemon kwalba da naman da aka sarrafa. Maganin da ake bayarwa don ɗaure shi a hanji tare da abinci ake shansa, in ba haka ba bai yi amfani ba.

Batun nama da ƙwai da kifi kuwa yana juyawa da matakin ciwon. Kafin a fara wankin ƙoda akan rage furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikinsu, zuwa kimanin giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, ko ƙasa da haka idan likita ya ga dama. Da zarar an fara wankin, injin yana ɗebe wani abu daga ciki, sai buƙata ta koma giram 1.0 zuwa 1.2. Majinyacin da ya ci gaba da gudun nama bisa tsohuwar dokar da aka ba shi zai rame, ƙarfinsa ya ƙare.

Ruwan sha ma haka yake. A farkon ciwo ba a cika taƙaita shi ba, amma wanda fitsarinsa ya ragu akan ba shi kimanin rabin lita a kan adadin fitsarin da ya yi a jiya, kuma cikin wannan lissafi ake saka koko da kunu da shayi da farfesu, har da kankana.