Jagoranci bayan mutuwar aure

Jagoranci bayan mutuwar aure shi ne taimakon da wani mai hankali da gogewa yake bai wa wanda aurensa ya mutu, mace ko namiji, har ya sake tsayawa da ƙafafunsa. Jagoran na iya zama ɗan'uwa, malami, tsohon abokin aiki, ko wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya fita. Aikinsa ya bambanta da na lauya da na likita, haka kuma da na mai sulhu, wanda nasa aikin ke ƙarewa da zarar igiyar aure ta tsinke. Jagora yana farawa ne daga inda mai sulhu ya tsaya.

Nauyin rabuwa

A 1967 wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera abubuwa 43 da ke girgiza rayuwar mutum, suka ba kowanne maki gwargwadon nauyinsa. Rasuwar miji ko mata ce ta zo ta farko da maki 100, saki ya biyo baya da 73, sannan zaman rabuwa ba tare da saki ba da 65. Ɗaurin kurkuku ma a ƙasansu yake, da maki 63.

Paul Bohannan, masanin zamantakewar al'umma, ya bayyana a 1970 cewa saki ɗaya rabuwa shida ce a dunƙule. Akwai rabuwar zuciya, wadda kan fara tun ana ɗaki ɗaya. Akwai ta shari'a, da ta dukiya, da ta renon yara. Akwai ta jama'a, inda surukai da abokan da aka tara tare suke darewa gida biyu, wasu ma su daina ɗaga waya. Ta ƙarshe ita ce mutum ya koyi ganin kansa shi kaɗai, ba matar wane ko mijin wance ba. Waɗannan ba sa ƙarewa rana ɗaya. Alƙali na iya gama nasa a zama ɗaya, ta ƙarshen kuwa takan ci shekaru, kuma a kanta ne jagora ya fi yin amfani.

Mavis Hetherington ta Jami'ar Virginia ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30. Ta gano cewa shekarar farko ce ta fi zafi, kuma zuwa ƙarshen ta biyu yawancin mutane sun fara daidaita. Paul Amato, a nazarin da ya fitar a 2000, ya nuna cewa saurin farfaɗowa ya danganta da abin hannu, da ilimi, da ko mutum shi ya nemi rabuwar, da kuma ko yana da masu tsaya masa.

Abin da jagora yake yi

Na farko shi ne sauraro, kuma ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Wanda aurensa ya mutu ba ya rasa masu ba shi shawara. Kowa ya zo jaje sai ya bar tasa. Abin da yake rasawa shi ne wanda zai ji "Da na ƙara haƙuri, da yanzu ina ɗakina" ko "Ni yanzu ina zan sa kaina?" bai yi gaggawar toshe masa baki da "Ka manta kawai" ba. Carl Rogers ya rubuta a 1957 cewa mai taimako na bukatar ya fahimci halin mutum kamar shi ne a ciki, ya kasance ba ya fuska biyu, ya kuma karɓe shi ba tare da sharaɗi ba. Da masu ba da shawara na asibiti yake magana, amma sharuɗɗan sun hau kan jagora daidai.

Na biyu kuwa ƙananan abubuwa ne da mai baƙin ciki ba ya iya tunawa da su. Ina takardar saki? Takardun haihuwar yara da katin asibitinsu suna hannun wa? Nawa ke shigowa a wata, nawa ke fita? Sau da yawa taimakon bai wuce wannan ba: saƙo ya shigo waya da tsakar dare daga tsohon miji, rabinsa maganar ɗaukar yara, rabinsa gori. Matar ta riga ta rubuta amsa mai tsawo. Jagorar ta ce, "Ƙanwata, ajiye wayar sai da safe." Da gari ya waye, amsar da aka tura ba ta wuce layi ɗaya ba, rana da lokaci da wurin da za a kawo yaran.

Jagora nagari ba ya yanke wa mutum hukunci a kan sake aure, ko ƙaura, ko barin aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyakarsa ya yi tambayar da za ta sa mutum ya tsaya ya duba, ya kuma ja masa birki idan ya ga fushi ne ke tuƙa shi, musamman wanda ke son yin sabon aure cikin gaggawa don a ce bai yi kwantai ba.

Ana yawan ɗauko matakan jimami biyar na Elisabeth Kübler-Ross, daga ƙin yarda zuwa sallamawa, a ɗora wa saki. Ita dai ta tsara su ne a 1969 daga hirar da ta yi da majinyatan da ke dab da mutuwa, kuma mutane ba sa bin su a jere. Bayanin Margaret Stroebe da Henk Schut na 1999 ya fi kusa da abin da ake gani: mai jimami yana kai-komo ne tsakanin kukan abin da ya rasa da gina sabuwar rayuwa. Don haka wanda ya yi dariya jiya, yau ya kasa tashi daga gado, ba baya ya koma ba.

Ramin maimaita labari

Nan ne jagorori masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa. Zama a riƙa tsefe laifin wanda aka rabu da shi yana da daɗi, yana kuma ƙara shaƙuwa, amma ba ya warkarwa. Amanda Rose ta nuna haka a 2002 a bincikenta kan abota tsakanin yara da matasa: yawan nanata matsala tare yana ƙarfafa abotar, yana kuma tafiya da ƙarin damuwa. David Sbarra da abokan aikinsa sun samu makamancin wannan a 2013 a wajen waɗanda suka rabu da abokan zamansu. Masu yawan saƙe-saƙe da aka sa su rubuta abin da ke ransu sun fi jinkirin warkewa a kan waɗanda aka ce su rubuta ayyukansu na yini kawai. A wani binciken nasa na 2012, waɗanda ke yi wa kansu uzuri maimakon tsangwama sun fi saurin samun sauƙi. Saboda haka jagora na barin a faɗi labarin, amma idan ya zama karatun kullum sai ya juya akalar hirar zuwa abin da za a yi gobe.

Yara

A binciken Hetherington, kusan kashi 25 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu sun gamu da matsaloli masu tsanani, yayin da na gidajen da ba a rabu ba suke kusan kashi 10. Mafi yawansu ke nan sun tashi lafiya. Abin da ya fi cutar da su shi ne rigimar iyaye da ta ƙi ƙarewa, shi ya sa jagora ba ya kawar da kai idan ya ga an mayar da yaro ɗan aike ko ɗan leƙen asiri.

Iyakar jagora

Akwai abin da ya fi ƙarfinsa. Idan mutum ya daina barci da cin abinci na makonni, ko ya faɗa shaye-shaye, ko ya fara zancen kashe kansa, likita ake nema ba tare da ɓata lokaci ba. Idan akwai duka ko barazana, maganar hukuma ce. Haƙƙin dukiya da riƙon yara kuma na masana shari'a ne, domin dokokin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Akwai kuma jagoran da ya kamata a guje wa: mai kwashe sirri ya kai waje, da wanda bai huce daga nasa auren ba yana ramawa ta bakin wani, da wanda ke da wata bukata a jikin wanda yake taimaka wa. Na ƙarshen nan ya fi haɗari, don mutum a wannan lokaci yana saurin jingina da duk wanda ya tausaya masa.

Kathy Kram, wadda ta yi nazarin jagoranci a wuraren aiki, ta bayyana a 1983 cewa alaƙar tana bin matakai huɗu: farawa, reno, rabuwa, sannan sauya salo zuwa abota. Haka take bayan mutuwar aure. Alamar an iso mataki na uku ita ce kiran waya ya ragu, mutum ya fara yanke shawara kafin ya ba da labari. Jagoran da ya ji haushin hakan, ya ci gaba da neman a tuntuɓe shi a komai, yana mayar da mutumin ne cikin dogaron da aka sha wahalar fitar da shi.